Hasumiyar Mutane

"Wace uwa ce marar imani za ta bar 'yarta ta hau can?" na tambayi mijina.

Shi ya zaɓo mana wannan ɗan garin na Kataloniya, yankin Turawan da muke zaune, wai mu huta kwana biyu inda ba hayaniya, mu bar 'yarmu wurin kakarta. Ga shi a dandali mutane sun tattaka kafaɗun juna sun yi hasumiya, algaita na tashi, wata 'yar mitsitsiya tana hawa ba takalmi.

Da ta kai ƙololuwa ta ɗaga hannu, sai na hango jelar gashi ta leƙo daga hular kwano, da jan zaren da na ɗaure wa 'yarmu da hannuna ranar Juma'a.

Hasumiyar ta girgiza. Ban sake numfashi ba sai da ta sulalo, ƙafarta ta taɓa ƙasa.

Na ƙanƙame ta.

"Mama, kin gan ni?" Ta leƙa bayana. "Baba, ashe ka iya kawo ta!"

Na waiga. Yana share hawaye, yana ja da baya.