Shirun Minti Huɗu

Matar marigayin ta karanta takardar sau uku a tsaye, da jan biro a hannu, kafin ta ajiye ta a teburin manajan gidan talabijin. Jimla ɗaya ta zagaye.

Takardar ta shirin tunawa da mijinta ce, wanda za a nuna ranar Asabar. Shekara ashirin da shida ya yi yana sharhin ƙwallo a tashar, kuma an yabe shi daidai gwargwado: bai taɓa riƙe takarda a gaban kyamara ba, bai taɓa kiran ɗan wasa da sunan wani ba. An tuna baƙin tabaraunsa da samari suka riƙa kwaikwayo. Har tsokanar abokan aiki an saka, wai mijin-ta-ce ne, ko matakala ba ya hawa sai hannunsa na kafaɗar matarsa.

Sai jimlar ƙarshe: shaye-shaye ne ya kawo ƙarshen aikinsa.

"Ka goge wannan," in ji ta. "Ƙarya ce."

"Haba Mama, ai duniya ta gani. Ranar wasan ƙarshe, an zura ƙwallo, mutum ya yi tsit minti biyar yana lalube a tebur. Me za a kira wannan?"

"Minti huɗu. Ko shirun ma ba ku iya ƙirgawa ba."

Manajan ya yi dariya. "Ina wurin fa, lokacin ina sabon mai kula da shiri. Ni ne ma na sa aka fito da ke daga motar watsa shiri, tunda ke ba ma'aikaciya ba ce. Doka ce."

Doka! Amma da suka tashi korar mutumin ba wanda ya tuna da doka. Ba a kira likita ba, ba a zauna da shi ba. Kafin Litinin an miƙa masa takardar sallama. Shekara goma sha ɗaya ya yi a ɗaki bai leƙa waje ba, ana nuna 'ya'yansa a layi ana cewa ga 'ya'yan mashayi. Yanzu kuma za a bi shi da ƙazafin har kabari.

"Kawo hujja ɗaya in goge yanzun nan," in ji manajan, yana duba agogo.

Ta ɗauki jakarta ta fita.

Ranar Asabar aka karanta jimlar kamar yadda take, tana zaune da 'ya'yanta suna kallo. Ba ta ce uffan ba, domin kafin mijin ya cika ya sa ta rantse ba za ta tona asirinsa ba. Ya ce gara a kira shi mashayi da a ce ya yaudari masu kallo.

Shekara tara kafin ranar wasan ƙarshen nan ya makance, kuma duk wasan da ya yi wa sharhi tun daga nan, ita ce ke kallo a cikin motar tana raɗa masa ta na'urar kunne, har lokacin da aka fito da ita.