Kocin da Ke Zana Sirrinsa a Ƙasa

Matso ka ji wannan, tun da an ba ka jagorancin mutane kuma na ga ka fara yi wa kowa kallon hadarin kaji.

An yi wani koci da aka damƙa wa ƙungiyar wasan kurket ta ƙasarsu, aka ce ya kai ta gasar da ƙasashe shida za su kara, biyu kacal su wuce zuwa gasar duniya. Shekara goma sha ɗaya suna zuwa suna dawowa hannu Rabbana, sai a wannan karon kowa ya ce da alamun nasara. Mutumin ya san aikinsa, wannan kam ba a ƙwace masa ba. A kurket, mai jifa ne ke jefo ƙwallo ta doki ƙasa ta tashi, mai bugu ya tare ta da katako don kada ta kayar da sanduna ukun da ke bayansa. To duk dabarar tana ga inda ƙwallon za ta sauka, shi kuwa kocin nan kallo ɗaya zai yi wa mai bugu ya gane inda ba ya so a sauke masa ita. Sai dai Allah ya zuba masa zargi, ko inuwarsa bai yarda da ita ba. Takarda? Ai ana sace takarda. Waya? Ana saurare. Ɗakin taron otal? Wa ya san ko masu sharar 'yan rahoton wani ne! Don haka kowace safiya, a filin atisayen da ƙasashen shida ke karɓa-karɓa, sai ya ja masu jifansa can lungu gindin wani darbejiya inda ba mai giftawa. Ya durƙusa, ya ɗauki tsinke, ya zana a jiƙaƙƙiyar ƙasa: ga lambar rigar wane cikin abokan hamayya, ga inda za a sauke masa ƙwallo, ga inda masu cafkewa za su tsaya. Ya ce su haddace. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa yana cewa ai ƙasa ba ta riƙe magana, iska za ta shafe. Ran nan wani tsoho da ke gyaran filin ya matso da tsintsiyarsa zai yi magana, koci ya daka masa tsawa, ya ce shi ba a yi masa leƙen asiri.

Wasa biyu na farko suka ci, aka yi ta murna a gida. A na uku abin ya juye. Duk inda aka sauke ƙwallo sai a tarar mai bugu ya riga ya gyara tsayuwa yana jiranta, kamar an raɗa masa a kunne. Na huɗu ma haka. Koci ya ce shi ke nan, akwai munafuki a cikin gida. Ya karɓe wayoyin 'yan wasa, ya hana su cin abinci da kowa, ya koma ƙirga wanda ya yi dariya da wanda ya daɗe a banɗaki. Daga bisani zarginsa ya tsaya a kan kyaftin, wanda shi ne gwanin masu jifansa. Me ya yi? Ya taɓa buga wa wata ƙungiya a ƙasar waje, kuma an gan shi ya rungumi wani tsohon abokin wasansa da ke cikin abokan hamayya. Iyakar laifin ke nan, wallahi. Ana gobe wasan ƙarshe, wanda in sun ci sun wuce, in sun faɗi sai gida, koci ya cire sunansa a gaban kowa. Kyaftin ya ce, “Koci, shekara tara ina sanye da rigar nan, ashe haka ka ɗauke ni?” Koci ya kau da kai. Washegari bawan Allah nan ya zauna a benci yana kallo ana dukan ƙwallon 'yan uwansa kamar ana sussukar gero, hawaye na zubo masa. Aka lallasa su. Kuma har a ranar abokan hamayya sun san inda kowace ƙwallo za ta sauka.

Da safe koci ya koma filin atisaye kwasar kaya, ransa a dagule, yana ta lissafin ko munafukan biyu ne. Sai ga tsohon nan a gindin darbejiya. Tsohon ya gaishe shi, ya ce, “Ranka ya daɗe, yau babu zane? Baƙin da ke zuwa atisaye da rana za su ji ba daɗi, tun da suka gano shi kullum sai sun tsaya sun ɗauki hotonsa. Na so in tambaye ka ko in riƙa sharewa, ka kore ni. Shi ya sa nake zagaye shi da tsintsiya, ban taɓa ɓata maka ko layi ɗaya ba.”

Koci ya sunkuya. Ga zanensa na kwana takwas reras a ƙasa, lamba bayan lamba, da rubutun hannunsa. Kunya ta rufe shi. Ya ruga otal neman kyaftin, ya tarar ya riga ya tafi, ya bar rigar ƙasa a ninke bisa gado. Bai sake sa ta ba har ya bar wasa.

To ka ji. Kafin ka ce akwai munafuki a cikin mutanenka, waiwaya ka dubi abin da ka bari a gindin naka darbejiyan. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.