Kwalba Uku na Man Kaɗanya

"A sayar da shi kawai," in ji mai shagon, idonsa na kan waya. "Gwiwarsa ta mutu. Gara ƙungiyar ƙwallon kwandonmu ta karɓo matasa biyu a madadinsa."

Abokinsa direban tasi ya ce, "Wa zai sayi gurgu? Sai dai a ba da shi gyara."

Wata dattijuwa da ke tsaye gaban kanta ta ajiye kwalba uku na man kaɗanya. Sati biyu ke nan da zuwanta Harlem daga Maraɗi.

Mai shagon ya ce, "Hajiya, har uku? Me za ki yi da su?"

"Gwiwar da kuka ce ta mutu zan shafa wa," ta ce. "Ɗana ne. Ni na koya masa tafiya."