Barcin Manu

"Ke fa, kin ga wani canji tun da ya fara shan ƙwayar?" likita ya tambayi Hajjo.

Daga Birnin Kudu likitocin suka zo Farin Dutse a Landiroba, suna gwada maganin sa barci a kan yara masu farfaɗiya. Manu, ɗaya daga cikin yaran, ya daina faɗuwa. Kakarsa Dada sai sa albarka take yi.

Hajjo kuwa ta ga yaron yana tangaɗi kamar sabon maraƙi, ta ji numfashinsa yana fita da ƙyar. Amma ga Dada zaune, ga maza tsaye. Ta sunkuyar da kai.

"Ni ban san sha'aninsa ba."

Likita ya bar wata kwalbar ya tafi. Ranar kasuwa Manu ya kwanta da hantsi, bai tashi ba.

Da likita ya zo gaisuwa, ya ce, "Ina uwarsa?"

Dada ta nuna Hajjo, wadda ke raba wa baƙi ruwa, idonta a bushe. "Ga ta nan. Ɗan farinta ne, kunyarsa take ji."

Hajjo ta ajiye ƙwaryar, ta zaga bayan rumbu, ta toshe baki da gefen zane. Tun da ta haife shi, sai yau ta kira sunansa.