Dangar Lambun Kande

Karo na shida ke nan Malam Barau yana durƙushe a gindin danga ɗaya, da igiya a baki, yana cusa sabon kara inda aka ɓarke. Gwiwa ta ƙi, baya ya ƙi, ga rana ta fara zafi. Mai shekara sittin da takwas ya wuce kokawa da akuya, amma abin da ya same shi ke nan.

Lambun ba wani babba ba ne, taku goma ne a bayan gida. Na matarsa Kande ne, wadda ta rasu bara. Akwai yakuwa da barkono, sai 'yan zogale bakwai da ta dasa da hannunta kafin ciwo ya kwantar da ita. Abu ɗaya ta roƙe shi, kada ya bari zogalen nan su mutu. Ya ɗauki alkawari, ya kuma riƙe. Amma daga sadakar arba'in sai ya rufe ƙofarsa. Daga ɗaki sai masallaci, sai ban ruwa da safe. Majalisar gindin darbejiya, inda ya yi shekara talatin yana zama, ko leƙawa ya daina. Mutanen garinsu, Turawa, suka yi magana har suka gaji.

Da aka gama girbi aka saki dabbobi, sai ɓarna ta fara. Ranar farko ya tarar da kafa a dangar ta wajen maƙwabcinsa Abdulmumini, ga kashin awaki a warwatse, an ɗan tsinke yakuwar bakin danga. Zogalen kuwa suna nan lafiya. Ya zari sanda ya nufi gidan maƙwabcin, ya tsaya a zaure, iyakar namiji a gidan wani.

"Abdulmumini, ka ɗaure akuyarka."

"Subhanallahi! Shiga ta yi? Ja'irar nan ba ta jin magana. Zauna tukuna, ga kunu da zafinsa."

Da faɗa ya zo, amma sai da aka kira azahar ya tashi.

Haka abin ya ci gaba. Ya ɗaure da igiyar rama, aka wayi gari ta tsinke. Ya tafi Tudun Kaya neman kara mai kauri, Abdulmumini ya raka shi, wai ai laifin akuyarsa ne. Ya saro ƙayar magarya ya jera har ta yage masa hannu, bayan kwana huɗu ya tarar an ture ta gefe guda, a tsare abinta. Ranar kasuwar Rogo suka hau mashin tare neman waya, suka ɓata yini guda, har da tsayawa cin tsire. A hanyar dawowa Barau ya yi dariya, ya kuma ji haushin kansa da ya yi ta.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne wautar dabbar. Kowa ya san akuya in ta ga zogale ba ta ganin komai kuma, amma wannan sai ta tsallake shi ta je ta taɓa yakuwa mai tsami. Bai taɓa kama ta ba, kullum yana masallaci da asuba take aika-aikarta. Shi kuwa mai ita, mutumin da kwanan nan ko raka'ar farko ba ya samu, ina zai iya kula da dabba?

Yau dai Barau ya kai maƙura. Har wayar an kwance. Ya ƙulla igiyar ƙarshe, ya miƙe da ƙyar, ya tsaya yana kallon zogalen. Wata rana sa'a za ta ƙare, akuyar ta ɗanɗana, amanar Kande ta tafi a cikin dabba. Nan take ya yanke shawara: in ta sake shiga, mai unguwa ne zai raba su, ko da zumuncin shekara arba'in zai watse.

Kwana ɗaya, biyu, har biyar, danga ba ta motsa ba. Ya kamata ya ji daɗi, amma sai ya tsinci kansa yana zagaya ta sau biyu kowace safiya, sannan ya koma ɗaki, yinin ya yi masa tsawo. Ya daina ganin Abdulmumini a sahu, ya ɗauka kunya ce ta kama shi. A rana ta shida liman ya nemi a yi wa Abdulmumini addu'a, zazzaɓi ya kwantar da shi.

Da Barau ya je dubiya, matar Abdulmumini, Munawwara, ta ce a shigo har ciki. Barau ya ratsa tsakar gida yana baza ido, ko ya ga abokiyar gabarsa. Turken yana can kusurwa, babu igiya, busasshen yaɗon kabewa ya lulluɓe shi.

"Ina akuyar take?"

"Wace akuya, Malam? Ai rabonmu da akuya tun Babbar Sallar bara waccan."

Ya yi sallama ya ɗaga labule. A bayan ƙofa ga tsohuwar ƙwarya cike da busasshen kashin awaki, kusa da ita ga filayar kwance waya, ga guntayen igiyar rama da shi Barau ya ƙulla da hannunsa. Ya daɗe yana kallonsu, har ya manta bai ce ya jiki ba.

Abdulmumini ya ɗago kai da ƙyar daga matashi, ya yi ɗan murmushi.

"Kai zogale ta bar maka amana, Barau. Ni kuwa kai ta bar mini, ta ce kada in bari ka bushe a ɗaki."