Sarkin Ruwan Da Ya Ji Daɗin "Ba Yau Ba"

Kawu, tun da na dawo gida kullum hirar ke nan a ƙofarka: majalisa ta yi doka, gwamna ya ƙi sa hannu, kuna ta yaba masa wai ya nuna shi ne da ƙasa. To, ikonsa ne, ban musa ba. Amma bari in ba ka misalin wani gari da yawo ya taɓa kai ni.

Garin yana da tafki guda, kifinsa ne miyar kowa har damina ta zagayo. Dattawa ke sa ranar su, wato ranar da gari duka zai faɗa ruwa kamun kifi, amma ba mai jiƙa komarsa ta kamun kifi sai Sarkin Ruwa ya ce to. Da aka naɗa sabo, bai daɗe ba ya gano wani abu: in ya ce to, kowa ruwa zai ruga a bar shi tsaye, in ya ce a'a, gobe sai an dawo an durƙusa. Dattawa suka zo da goro, ya shafa gemu ya ce, "Ba yau ba." Suka dawo da zakara, ya ce ba yau ba. Dalili kuwa babu, ko na ƙarya bai wahalar da kansa ya nemo ba. Har ya sa aka ƙara tabarmi a zaure. Bazara dai ba ta zo gaisuwa ba, ta ci gaba da shanye ruwan tafkin. Zalɓe da balbela su ma ba su san akwai sarauta ba, suka sauka garke-garke, suka ci tarwaɗa har tashi ya gagare su. Matarsa ta leƙo ta ce, "Maigida, tsuntsaye fa sun riga ka cewa to." Ya ce mata harkar mulki ba ta tukunya ba ce.

Ranar da ya ga zaure ya fara yin fili, sai ya zuba babbar riga, ya kira makaɗa, ya tsaya bakin tafki ya ɗaga sanda ya ce, "Yau!" Jama'a suka shiga, laka ko idon sawu ba ta rufe ba. Aka yi ta lalube, can wani tsoho ya damƙo kwaɗo. Da yake al'ada ce kamun fari na Sarkin Ruwa ne, aka sa shi a sabuwar ƙwarya, aka rufe da faifai, aka kai masa da kiɗa da guɗa, tsohon ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a ci lafiya." Shekarar nan gari ya sha miyar kuka lami, gidan Sarkin Ruwa ma ita aka kaɗa.

Shi ya sa, Kawu, Hausawa suka ce hana wani, hana kai.