Ra, Wau, Alif

Maliki Labbo ya kasa zama a kan bencin shagon Tasalla. Ya tashi, ya leƙa waje, ya dawo ya tsaya a kanta tana danna kwamfuta.

Damina ta biyu ke nan sama ta yi rowa a ƙasar Gobir. Rijiyoyi sun ƙafe daga Gatawa har Isa, makiyayi sai ya wuni yana kora garke ya tarar da laka. Shi ne Maliki, shugaban ƙungiyar makiyaya da manoma ta Sabon Birni, ya kawo dabarar buɗe shafi a intanet, a riƙa faɗin inda ruwa ya rage da hanyar da babu 'yan bindiga. Da ajami za a rubuta sunan shafin, don dattawan ruga ba su karanta boko. Kalma ɗaya tak: ruwa. Ra, wau, alif. Kuma da yake bakin Maliki ya fi ƙafarsa sauri, ya riga ya shelanta a kasuwanni tun ba a yi rajista ba.

"Baba Maliki, an riga mu," in ji Tasalla. "Wani ya kama sunan ga tun bara."

"To ɗora mishi rufu'a, wasalin u, bisa ra, ya bambanta da nashi."

Ta girgiza kai. Dokar masu rajista ba ta karɓar wasali, baƙaƙe tsirara kawai. Wanda ya riga shi ke da suna, kuma ba sa faɗin ko wane ne, ko da za ka yi musu kuka.

Ta buɗe shafin mutumin. Ba komai sai hoton ƙafafu biyu a kan busasshiyar ƙasa, ƙura ta tashi kewaye da su, an ɗaure idon sawu da wasu ƙulle-ƙulle. A ƙasan hoton layi ɗaya: Bafarawa, ran kasuwa mai zuwa, gindin tsamiyar tsohuwar rijiya.

Maliki ya ƙura wa hoton ido. Rijiyar nan ta mutu tun kafin fari, kowa ya sani. Wanda zai kira mutane can da sunan ruwa ba ruwa yake son ba su ba, shanunsu yake so. Abin da ke idon sawun kuwa, ai layu ne irin na mutanen daji. Shi kuma da bakinsa ya ce wa makiyaya su rubuta baƙaƙen nan uku a waya, su bi abin da suka gani.

Daga ranar bai ƙara sanin daɗin tuwo ba. Ya hau babur ya bi rugage yana warware shelarsa, amma magana ta riga shi nisa. Wasu ma sun hau tudu sun kamo sabis ɗin wayar Nijar, sun gani da idonsu, sun fara shirin kora garke Bafarawa.

Maliki mutum ne da ba ya kwana da shawara, kuma in ya yanke ba ya waiwaye. Haka ya kori ƙanensa Kalilu daga gida a shekarar farko ta fari, don ya same shi a dandalin biki alhali rumbu ba ƙwaya. Har yau tsohuwarsu Uwa in ta ji ƙarar babur sai ta leƙo zaure ko Kalilu ne ya dawo. Wannan karon ma bai nemi shawarar kowa ba, ya wuce Isa wurin Wakili, shugaban 'yan sa-kai.

"Ƙaƙa za mu gane shi?" Wakili ya tambaya.

"Ku dubi ƙahwa. Wanda duk kuka gani gindin tsamiyar ga da ɗauri ga idon sau, shi na. Kada ku tsaya jin bakinai."

Ran kasuwa babur ɗinsa ya yi faci a hanya. Ya tura, ya yi gumi, ya zagi taya da mai taya. Kafin ya isa Bafarawa rana ta take, ya hango cincirindo a gindin tsamiya, ga shanun mutane tsaye nesa suna kuka.

'Yan sa-kai sun riga sun gama da mutumin. Yana kwance rub da ciki, rawanin da ya rufe fuska saboda ƙurar hanya ya jiƙe da jini, ƙafa ɗaya ta karkace yadda ƙafa ba ta karkacewa. Gefe guda ga wani tsoho rungume da fasasshen kalangu yana rantsuwa, ba mai sauraronsa.

Maliki ya kutsa. Ya sa ƙafa ya ture sawun mutumin, sai abin da ya ɗauka layu ne ya yi ƙara, caras, ƙarar ƙarfe. Akayau ne, irin wanda masu taka kiɗa ke ɗaurawa.

"Kai ɓarawo! Wa ya aiko ka ka yaudari mutane da ruwa?"

Mutumin ya juyo da ƙyar, rawanin ya zame. Ya dubi Maliki da idon da bai kumbura ba.

"Wane ruwa, Yaya?" in ji Kalilu. "Rawa na rubuta. Masu rajista suka hana ni sa wasali."